Yadda Ake Haɗa Giyar Inabi da Wiski a Kofi Ɗaya

A makon farko da na fara aiki bayan kanta a mashayar wani otal a Legas, wani baƙo ya nemi New York Sour. Na auna wiski, na matse lemo, na girgiza, komai ya tafi daidai. Da aka zo wurin zuba jan giyar inabi a sama, sai na karkata kwalbar kai tsaye cikin kofin. Nan take abin ya garwaye, ya koma kamar zoɓon da aka tsinka da ruwan randa. Ogan da ke koya mini aiki ya janye kofin kafin ya isa gaban baƙon, ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Yaro, ba kunu kake damawa ba." Ya ɗauko cokali, ya kife shi a bakin sabon kofi, ya tsiyaya giyar a bayan cokalin a hankali. Sai ga ja ya kwanta a sama, ruwan ɗorawa a ƙasa, kowa a mazauninsa.

Na san galibin masu karanta Hausa ba sa kusantar giya. Musulunci ya haramta ta, kuma a jihohi irin su Kano da Zamfara doka ma ta hana sayar da ita. Wannan jagora ta masu aikin otal ce da gidajen cin abinci a Legas, Abuja, Jos, Akra ko ƙasashen waje, da ɗaliban koyon aikin otal, da kuma manyan da dama suna sha.

Abin da na koya a shekarun da na yi ina wannan aiki shi ne, wiski da giyar inabi ba a raba musu kofi rabi da rabi. Wiski ne mai gida, giyar inabi baƙuwa ce, kuma irin baƙuwar ita ke faɗa maka yadda za ka shigo da ita. In mai ƙarfi ce da aka ƙara wa barasa, juyawa ake yi da cokali. In ja ce zalla, kwantar da ita ake yi a sama. In mai kumfa ce, ita ce ta ƙarshe, kuma ba a girgiza ta ko kusa. Wanda ya riƙe wannan, ya riƙe rabin sana'ar.

Mataki na farko: san kwalaben da ke gabanka

Wiski daga hatsi ake yin sa, a tace shi ta tururi, a ajiye a ganga. Ƙarfinsa ba ya gaza kashi 40 cikin 100. Iri uku ne za ka fi cin karo da su. Akwai baban (bourbon) na Amurka, wanda doka ta ce sai masara ta kai aƙalla kashi 51 na hatsin, kuma a ajiye shi a sabuwar gangar itacen ok da aka babbaka cikinta. Shi ya sa yake da ɗan zaƙi-zaƙi da ƙamshi kamar na alewar madara. Akwai wiskin rayi, shi ma na Amurka, wanda hatsin rayi (rye), ɗan uwan alkama, ne ya kai kashi 51. Wannan ya fi kaifi, yana da ɗan yaji a harshe kamar masoro. Sai na Sikotilan, wanda dole ya yi aƙalla shekara 3 a gangar ok a cikin ƙasar. Wasu daga cikin na Sikotilan, musamman na tsibirin Islay irin su Laphroaig da Ardbeg, ana busar da sha'irinsu da hayaƙin ruɓaɓɓen ciyayin fadama, don haka warin hayaƙi ke fara dukan hancinka kafin komai.

Giyar inabi kuwa, wadda ake sha da abinci ƙarfinta tsakanin kashi 12 ne zuwa 14. Ja ɗin tana da ɓauri, irin wanda goro ke bari a baki ko shayin da ya daɗe a buta, kuma daga ɓawon inabin yake fitowa. To shi ma wiski ya ɗebo nasa ɓaurin daga ganga. Ka ga ke nan in ka tuttula su tare daidai wa daida, ɓauri ya hau kan ɓauri, zafin barasa ya danne ƙamshin inabin, bakin mai sha ya bushe ƙamas. Duk haɗin da ya yi suna a duniya, dabara ce ta kauce wa wannan: ko dai a sa zaƙi a tsakani, ko tsami, ko a rage giyar inabin ta zama 'yar kaɗan.

Mataki na biyu: kayan aiki da ƙanƙara

Ba sai ka tara kaya ba. Ma'auni mai baki biyu, na mili 30 da mili 60; gwangwanin girgizawa; babban tambulan na juyawa; dogon cokali; da rariya. In babu gwangwani, kwalba mai faɗin baki da murfi mai kamawa za ta yi. Amma ma'auni ba shi da madadi. Mai zubawa da ido, yau ya ba da daɗi, gobe ya ba da magani.

Ƙanƙara ita ce inda muke shan wahala a ƙasar zafi. Ana son manya, masu tauri, waɗanda yanzu aka ciro daga firiza. Wadda ta jima a bokiti ta fara zufa, ruwa kawai za ta zuba maka kafin ta sanyaya komai. A tsiyaye ruwan bokitin kowane lokaci, kuma a sa kofunan da za a zuba wa baƙo a firiji tun da wuri.

Mataki na uku: haɗin da ake juyawa

Mutane da yawa ba su san cewa bamut (vermouth) giyar inabi ce ba. A dokar Tarayyar Turai, sai giyar inabi ta kai aƙalla kashi 75 na abin da ke cikin kwalbar. Ana ƙara mata barasa ta kai wajen kashi 15 zuwa 18, a jiƙa ganyaye da saiwoyi da kayan ƙamshi a ciki. Babban ganyen dangin tazargade ne, kuma daga sunansa na Jamusanci aka samo sunan giyar. Antonio Benedetto Carpano ne ya fara sayar da mai zaƙin a birnin Torino na Italiya a 1786, sannan Joseph Noilly ya fito da marar zaƙin a Faransa a 1813. Har yau a bayan kanta, in tsohon ma'aikaci ya ce "ta Italiya" mai zaƙi yake nufi, in ya ce "ta Faransa" marar zaƙi.

Da bamut ta isa Amurka ta gamu da wiski, sai aka haifi haɗin da ake kira Manhattan. Sunansa ya fara bayyana a rubuce a farkon shekarun 1880. Akwai labarin da baƙi ke son ba ka, wai an ƙirƙiro shi ne a wata liyafa da mahaifiyar Winston Churchill ta shirya a New York a ƙarshen 1874. Ka yi murmushi kawai. A lokacin baiwar Allah tana Ingila, ta haifi Winston ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekarar.

Ga yadda ake yi:

1. Zuba mili 30 na bamut mai zaƙi a tambulan na juyawa. Fara da mai arha kullum, don in ka yi kuskure asarar ta zo da sauƙi.
2. Ɗiga Angostura sau biyu. Wannan ruwan ɗaci ne da wani likita Bajamushe, Johann Siegert, ya haɗa a 1824 a ƙasar Benezuwela, yanzu a Tirinidad ake yin sa. Matsayinsa a haɗin kamar gishiri ne a miya.
3. Zuba mili 60 na wiskin rayi, ko baban in shi ke akwai.
4. Cika tambulan da ƙanƙara har kusan baki. Ƙanƙara kaɗan ta fi saurin narkewa, don haka kada ka yi rowa.
5. Sa cokali, bayansa na gogar jikin tambulan, ka juya kamar daƙiƙa 25 zuwa 30. Kada ka buga kamar mai kaɗa miyar kuka. Ƙanƙarar za ta riƙa zagayawa shiru.
6. Tace cikin sanyayyen kofi mai ƙafa, ba ƙanƙara. Saka ƙwayar ceri, ko ka matse ɓawon lemon zaƙi a sama don mansa ya fesu.

Me ya sa ba a girgizawa? Girgiza tana cusa iska, tana farfasa ƙanƙara, sai haɗin ya yi gajimare da kumfa, ya rasa santsin da ake so a harshe. Ƙa'idar da aka gada ita ce, abin da duk giya ne a juya, abin da ke da ruwan lemo ko ƙwai ko madara a girgiza. Juyawar kuma ba don sanyi kaɗai ba ce. Ruwan da ya narke, wajen mili 25 zuwa 30, yana cikin lissafin haɗin. In ka tsaya da wuri abin zai yi zafi a maƙogwaro, in ka wuce gona da iri ya yi salam. Hanyar ganewa ita ce ka tsoma tsinken sha, ka toshe samansa da yatsa, ka ɗiga a harshe, ko ka ba wanda ke ɗanɗana maka.

Ni a ganina rayi ya fi dacewa da Manhattan, don kaifinsa na yanka zaƙin bamut. Baban da bamut mai zaƙi, zaƙi biyu ke nan. In dole da shi za ka yi, rage bamut zuwa mili 25, ko ka raba ta, rabi mai zaƙi rabi marar zaƙi.

Sauya wiskin da na Sikotilan, ka sami Rob Roy, wanda aka fara haɗawa a otal ɗin Waldorf na New York a 1894. Ma'auni ɗaya ne, hanya ɗaya. Yi amfani da gaurayayyen wiski irin Dewar's ko Famous Grouse ko Johnnie Walker baƙi. Kada ka ɓarnatar da kwalba mai shekara 18 a nan, bamut za ta rufe abin da aka biya kuɗi dominsa.

Ƙara Campari kuma, wata jar giya mai ɗaci ta Italiya, ka sami Boulevardier: mili 45 na baban, mili 30 na Campari, mili 30 na bamut mai zaƙi, a juya, a tace a kan babbar ƙanƙara, a sa ɓawon lemon zaƙi. A Paris aka yi shi a shekarun 1920, lokacin da dokar hana giya ta Amurka, wadda ta yi aiki daga 1920 zuwa 1933, ta kori masu haɗa giya da mashaya zuwa Turai. Boulevardier sunan wata mujalla ce da wani Ba'amurke, Erskine Gwynne, ke bugawa a can. Wannan haɗin yana saurin karɓuwa a wurinmu, don 'yan Nijeriya sun riga sun saba da ɗacin Campari.

Ga inda mashayu da yawa ke faɗuwa, har da manya. Bamut giyar inabi ce, tana lalacewa. Da zarar an buɗe ta, iska ta fara cin ta. Na sha shiga wuri in ga kwalbar Martini Rosso ko Cinzano a jere da wiski a kan kanta, an buɗe ta tun watannin baya, ƙura ta hau wuyanta. Irin wannan ta riga ta mutu, ɗanɗanonta kamar jiƙaƙƙen kwali, kuma ko wiskin duniya ka zuba a kai ba zai tashe ta ba. A rufe ta sosai, a sa a firiji, a rubuta ranar buɗewa a jiki, a ƙarar da ita cikin wata ɗaya zuwa biyu. Inda wuta ba ta tsayawa, gara ka riƙa sayen ƙaramar kwalba. In baƙo ya ce Manhattan ɗinka ba daɗi, shinshina bamut tukuna kafin ka zargi hannunka.

Mataki na huɗu: kwantar da jan giya a sama

Mu koma kan kofin da ya kunyata ni. Duk da sunansa, New York Sour ba a New York aka haife shi ba. A Chicago aka fara yin sa a shekarun 1880, ya yi yawo da wasu sunaye kafin New York ta karɓe shi. Asalinsa wiski ne da lemo da suga, sai wani ya ga ya dace a sa masa jar hula.

Da farko dafa ruwan suga: kofi ɗaya na suga, kofi ɗaya na ruwan zafi, a juya har ya narke, a bari ya huce. Yana yin kamar mako biyu zuwa uku a firiji.

Ma'aunin da ƙungiyar masu haɗa giya ta duniya ta amince da shi shi ne mili 60 na rayi ko baban, mili 30 na ruwan lemon tsami, mili 22.5 na ruwan suga, ɗan farin ƙwai, da mili 15 na jan giyar inabi. Lemon da ake nufi shi ne babba mai launin ɗorawa. In ƙaramin kore na kasuwarmu kake da shi, ya fi kaifi, sai ka rage zuwa mili 22 ko 25. A matse shi a ranar; na kwalba ba ya yi.

1. Zuba lemo, ruwan suga da wiski a gwangwani.
2. In za ka sa farin ƙwai, zuba kamar rabin na ƙwai ɗaya, rufe, girgiza daƙiƙa 10 zuwa 15 ba tare da ƙanƙara ba, don kumfa ta tashi. Riƙe murfin da kyau, yakan so ya ɓalle. Ƙwan ya zama sabo kuma wankakke, kuma a tambayi baƙo tukuna, don wasu jikinsu ba ya karɓar ɗanyen ƙwai.
3. Cika da ƙanƙara, girgiza da ƙarfi daƙiƙa 12, har gwangwanin ya yi raɓa ya fara cizon hannu.
4. Tace cikin gajeren tambulan a kan sabuwar ƙanƙara. Bar wuri a sama, kamar faɗin yatsa.
5. Auna giyar inabin a ma'auni. Kada ka zuba daga kwalba.
6. Kife cokali, bakinsa na taɓa jikin kofin daga ciki, dab da saman haɗin. Tsiyaya giyar a bayan cokalin siriri-siriri, kamar mai zuba man ja a kwalbar da bakinta ya yi ƙanƙanta.
7. Kada ka juya, kada ka sa tsinken sha. Ɗauki kofin a hankali zuwa gaban baƙo.

Dalilin da ya sa take tsayawa a sama nauyi ne. Suga na ƙara wa ruwa nauyi, barasa na rage masa. Haɗin ƙasa yana ɗauke da suga, don haka ya fi nauyi. Jan giya marar zaƙi kuwa ta ɗan fi ruwa sauƙi, sai ta yi iyo. Cokalin aikinsa kawai ya karya ƙarfin zubowar. In akwai farin ƙwai, giyar za ta ratsa kumfar ta zauna a ƙarƙashinta, ka sami hawa uku: fari, ja, ɗorawa.

Daga nan za ka gane matsalar da ta fi damun masu koyo a nan gida. Da yawa daga cikin jan giyar da ta cika shagunanmu mai zaƙi ce, don ita mutane suka fi so. Mai zaƙi tana da nauyi, nutsewa take yi ko da hannunka ya fi na kowa laushi. Duba jikin kwalbar, nemi inda aka rubuta dry ko sec ko seco. A cikin marasa zaƙin ma, nemi mai ƙamshin 'ya'yan itace wadda ɓaurinta bai yi yawa ba: Malbec ta Ajantina, Shiraz ta Ostareliya ko Afirka ta Kudu, ko Merlot. Cabernet Sauvignon sabuwa takan yi ɓauri da yawa, in ta gamu da lemo da ganga sai ta kame baki. Ba a bukatar mai tsada; wadda aka buɗe jiya don sayarwa kofi-kofi ta wadatar, muddin ba ta fara tsami ba.

Wiskin hayaƙi irin na Islay kuwa, ni dai ban taɓa jin ya yi daɗi da jan giya ba. Yakan bar wani ɗanɗano kamar ka lashi ƙarfe. Akwai masu so, amma ba zan miƙa wa baƙo ba sai ya nema da bakinsa.

Ga dabarar da nake koya wa sababbin yara, musamman waɗanda ba sa sha, ko inda oga ba zai yarda a yi ta zubar da wiski don koyo ba. Dafa baƙin shayi mai kauri ya huce, ya tsaya a madadin wiski, ka haɗa shi da lemo da ruwan suga a ma'auni ɗaya. Dafa zoɓo ba suga, ka tace shi tas, ya tsaya a madadin giyar inabi. Zoɓon da ba suga zai kwanta a sama kamar yadda giyar ke yi, har ya ɗan fi sauƙi, don ƙasan ba barasar da za ta rage masa nauyi. Yi sau ashirin, hannunka zai faɗa. Kuma abin da ya fito abin sha ne mai kyau a karan kansa. Mun sha sayar da shi ga baƙin da ba sa shan giya, a sa masa ɗan citta.

Mataki na biyar: mai kumfa

Wannan gajere ne. Shamfen da 'yan uwanta irin su Prosecco ta Italiya da Cava ta Sifaniya iska ce cike da su. A kwalbar shamfen matsin ya ninka na iskar waje sau biyar zuwa shida. In ka sa ta a gwangwani ka girgiza, rigarka da ta baƙo za su sha. Girgiza sauran kayan, tace a dogon kofi, karkata kofin, sannan ka tsiyaya mai kumfar da sanyinta a jikin gilashin.

French 95 ke nan: mili 45 na baban, mili 20 na lemo, mili 15 na ruwan suga, a cika da kamar mili 90 na mai kumfa marar zaƙi, wadda aka rubuta brut a jikinta. Akwai kuma Seelbach: mili 30 na baban, mili 15 na Cointreau (giya mai zaƙi ta ɓawon lemo), ɗigo bakwai na Angostura, bakwai na wani ruwan ɗacin mai suna Peychaud's, a cika da shamfen. An shekara ashirin ana ba da labarin cewa tun 1917 aka ƙirƙiro shi a wani otal mai wannan suna a Louisville ta jihar Kentucky, aka manta, aka sake gano takardar. A 2016 mutumin da ya ce ya gano ta, Adam Seger, ya fito ya amsa cewa shi ya haɗa abin a 1995, shi ya ƙaga labarin. Haɗin dai bai rage daɗi ba.

Mataki na shida: sheri, fot da giyar citta

Sheri giyar inabi ce da aka ƙara wa barasa, daga yankin Jerez na kudancin Sifaniya take, kuma ita da wiskin Sikotilan tsofaffin abokai ne. Kamfanoni irin su Macallan da Glenfarclas sun daɗe suna ajiye wiskinsu a gangunan da sheri ta zauna a ciki, daga nan yake samun launi mai duhu da ƙamshin busasshen inabi da dabino. Don haka in ka cire bamut daga Rob Roy ka sa mili 30 na sheri irin oloroso ko amontillado, ba baƙo ka kawo ba. Sai dai waɗannan ba su da zaƙi, ƙara ƙaramin cokali na ruwan suga, ko na Pedro Ximénez, wata sheri mai kauri kamar zuma. Juyawa ake yi.

Fot ita ma giyar inabi ce da aka ƙara wa barasa, ta kwarin Douro a Fotugal, ƙarfinta wajen kashi 20, ga zaƙi. Wasu na ƙoƙarin kwantar da ita a saman New York Sour, amma saboda sugarta takan zurara ƙasa. Gara ka zuba mili 20 cikin gwangwani ka girgiza da sauran, ka rage ruwan suga zuwa mili 10.

Mafi sauƙin duka shi ne Whisky Mac na Birtaniya: mili 45 na wiskin Sikotilan da mili 30 na giyar citta irin Stone's ko Crabbie's, a zuba a kofi ɗaya, a juya kaɗan, shi ke nan. Giyar citta daga busasshen inabi da citta ake yin ta. Abin lokacin sanyi ne. Wanda ya san hunturun Jos zai gane dalilin da ya sa Turawa ke son sa.

Mataki na bakwai: lissafin ƙarfi

Baƙi kan tambaye ni ko gaskiya ne haɗa giyar inabi da wiski na sa ciwon kai washegari fiye da shan iri ɗaya. Abin da ke jiki barasa ɗaya ce, ko daga inabi ta fito ko daga masara. A 2019 masu bincike daga jami'ar Witten/Herdecke ta Jamus da ta Cambridge sun gwada mutum 90 da giyar biya (beer) da giyar inabi, wasu suka fara da wannan, wasu da waccan, ba a ga bambanci ba a wahalar safiya. Yawan abin da aka sha shi ne magana. Gaskiya ne jan giya da wiski masu duhu suna ɗauke da wasu sinadarai da kan tsananta ciwon kan, amma babban abin da ke kayar da mutane shi ne rashin lissafi.

Yi lissafin da kanka. Mili 60 na wiski mai kashi 40, barasa zalla mili 24 ke nan. Mili 30 na bamut mai kashi 16, kusan mili 5. Jimla wajen mili 29. Babbar kwalbar biya ta mili 600 mai kashi 5 tana da mili 30. Wato ɗan ƙaramin kofin Manhattan da ake shanyewa a kurɓa biyar daidai yake da babbar kwalba guda, kuma hanta na bukatar fiye da awa biyu kafin ta gama da shi. New York Sour yana da wajen mili 26, ga lemo da suga sun ɓoye zafin, mai sha ba ya ji sai ya miƙe tsaye. Mai kumfa kuma takan sa barasa saurin shiga jini.

Don haka aikin mai haɗawa bai ƙare a kofi ba. Ajiye ruwa a gaban baƙo ba tare da ya nema ba, ka tura masa gyaɗa ko abin taɓawa. Ba a ba yaro, ba a ba mai juna biyu, ba a ƙara wa wanda harshensa ya fara nauyi, kuma wanda ya ajiye makullin mota a kan kanta a nemo masa direba. In ya nemi na uku da sauri, ba sai an yi faɗa ba. "Ranka ya daɗe, bari in kawo ruwa da ɗan nama tukuna" ta isa ta ja lokaci.

Sai maganar jabu. Ana tara kwalaben wiski masu tsada da aka shanye, a sake cika su da abin da ba a san asalinsa ba, a liƙe a dawo da su kasuwa. Haɗarin ba a ɗanɗano ya tsaya ba. A 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan shan ogogoro, giyar da ake dafawa a gida, mai ɗauke da sinadarin metanol, wanda ke makantarwa yana kashewa. Cikin haɗi mai lemo da suga da giyar inabi kuwa, ba harshen da zai gane jabu. Saya daga dillalin da aka sani, duba hatimin murfi da lambar NAFDAC, ka yi shakkar duk kwalbar da farashinta ya faɗi ƙasa da na kowa. In kwalba ta ƙare a hannunka, kankare takardar jikinta da wuƙa ka fasa murfin kafin ka jefa ta a shara.